Na'urar da Aka Saƙa wa Riga

Na san abin da kuka taso kuna ji, domin ko a gabana an faɗe shi fiye da sau ɗaya, a wurin suna da wurin ɗaurin aure: wai babanku ya kusa zama babban mutum a Yamai, sai ya ɓata wata na'ura ta wurin aiki, aka bar shi a Mayahi har ya ajiye aiki. Wasu kuma suna cewa tsoro ne ya hana ni tafiya. Wannan ta biyun ba zan musa ta gaba ɗaya ba, don ni mutum ne mai tsoro, kun kuma sani. Ta farkon ce ba haka take ba, ko kuma in ce ba daidai haka take ba. Na daɗe ina son in gyara muku ita, amma duk sanda na ɗauko zancen da baki sai in tsaya gyara kalma, kafin in gama kun tashi. Shi ya sa na zauna na rubuta. In wani wuri na manta zan ce na manta.

A shekarar da nake magana, ina aiki da wani shirin kiwon lafiya, irin waɗanda muke ce wa proje. Biro ɗinmu, wato ofis, yana Tasawa, gidanmu yana Mayahi, ina zuwa gida ƙarshen mako. Aikina shi ne ordinatoci, wato kwamfutoci, in haɗa, in gyara, in koya wa mutane. Damuwar da ta dame mu lokacin ita ce ta manyan littattafan da ake rubuta allurar rigakafin yara da awon mata masu ciki a gidajen likita na karkara. Gara tana cin su, ruwan damina yana jiƙa su, kuma in uwa ta ɓatar da katin ɗanta sai a wuni ana buɗe shafi ba a gano wace allura aka yi masa ba. Aka yanke shawarar a ajiye na'ura a kowane gidan likita, wadda za ta riƙe duk bayanan. Sai dai waɗannan wurare ba su da kuran, wato wutar lantarki. Abin da suke da shi pano ne na hasken rana da batir, kuma firigon sanyi da ake ajiye maganin rigakafi shi ne ke da haƙƙin wutar kafin kowa. In firigo ya mutu, magani ya lalace.

Abokan aikina sun fi son babbar na'ura irin ta biro, mai tsayi kamar jarka, mai fanka a ciki, don ita suka sani. Ni kuwa na yi makonni ina karanta takardun wata ƙarama da ba ta fi littafin addu'a biyu a haɗe ba. Ƙwaƙwalwarta, abin da a wurin aiki muke ce wa processeur, an yi ta ne don ta ci wuta kaɗan, ƙasa da abin da ƙwan fitila irin na da yake ci. Ɓangaren da ke fitar da hoto a allo ma yana cikin ƙwaƙwalwar, ba sai an ƙara masa wani kati dabam mai shan tasa wutar ba. Tun da ba ta cin wuta sosai, ba ta zafi sosai, don haka ba a sa mata fanka ba. Jikinta na alminiyam ne mai tsage-tsage a sama kamar haƙarƙari, ta nan zafi ke fita iska ta ɗauke. Ba ta ƙara, ba ta da wani abu mai juyawa da zai lalace. A lissafina za ta zauna da firigo a kan pano ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba.

Ranar da aka zauna yanke magana na tashi na yi bayani na kusan rabin awa, ina cewa a ganina, in ban yi kuskure ba, wataƙila, bisa ga abin da takardu suka nuna. Diraktanmu, Mushe Idi (Mushe irin na Faransanci, kamar a ce Malam), mutum ne mai kirki amma ba ya son dogon zance. Ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni da Faransanci, e ko a'a.

"Laminu, oui ou non?"

"Ina ganin oui, ranka ya daɗe."

"Ganin naka ka bar shi a gida. Oui?"

"Oui."

Aka amince a gwada ta wata huɗu a wuri ɗaya, daga ƙarshen sanyi har tsakiyar bazara. Bayan an tashi ya kira ni gefe ya gaya mini cewa za a buɗe wani matsayi a Yamai, na wanda zai shugabanci baza waɗannan na'urori a ƙasa baki ɗaya. In gwajin ya fita tsaf, rahotona ba tabo, sunana zai aika. Ban taɓa neman girma ba, amma ba zan ɓoye muku ba, na so wannan. Ina da shekara arba'in da ƴan kai, waɗanda muka fito jami'a tare duk sun wuce ni, kuma ina tunanin makarantun da za ku shiga a can. Na gaya wa mahaifiyarku Hadiza, na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa tukuna.

Wurin da aka zaɓa wani ƙauye ne arewa da Isawan, ba zan faɗi sunansa ba. Ƙasa ce ta rairayi da makiyaya, gidan likitan ɗaki uku ne da rufin kwano. Mai kula da shi, wanda ake ce wa majo, sunansa Haru, dogon mutum mai barkwanci. Sai wata dattijuwa, Inna Baraka, ungozoma ce tun kafin a gina wurin. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, amma ita ke karɓar haihuwa, ita ke shara, ita ke lallashin matan rugage su kawo ƴaƴansu allura, don tana jin Fulatanci da Buzanci. Na ɗora na'urar a kan wani kanta a kusurwa, na ja waya zuwa allo a teburin majo. Da na danna ta kama, Majo Haru ya kara kunnensa.

"Mushe, ta tashi kuwa? Ni ban ji komi ba."

"Ta tashi. Haka take, ba ta ƙara."

"To Allah Ya sa matata ta zo ta ga misali."

Inna Baraka ta matso ta sa yatsa ɗaya a kan tsage-tsagen nan, a hankali, kamar mai duba maɗigar jinjiri.

"Wagga ƴar abu ce za ta riƙe sunan ɗiyan garin nan duka?"

"Duka, Inna, har waɗanda ba a haifa ba."

"Ikon Allah. To mi take ci, mi ba ta so?"

A nan ne na yi kuskurena, kuma ina so ku lura da shi da kyau, don shi ne dukan labarin. Na shekara da shekaru ina buɗe na'urorin biro ina tarar da ƙasa ta toshe fanka, har tsoron ƙasa ya zame mini jiki. Wannan ƙaramar a rufe take ruf, ba ta da ƙofar da ƙasa za ta shiga, na sani sarai. Duk da haka bakina ya faɗi abin da ya saba. Na ce mata ƙasa ce abokiyar gabarta, kada a bari ƙasa ta hau ta, a kula mini da ita kamar jinjiri. Na faɗa da safe, na maimaita bayan azahar, na kuma faɗa ina kan hawa mota. Maganar cewa jikinta yana buƙatar iska kuwa ban yi ta ba. Tana cikin takardar bayani da Faransanci, wadda na sa a aljihun tebur.

Wata na farko lafiya lau. Majo yana bugo mini waya yana dariya, wai yanzu uwa tana faɗin sunan ɗanta da na kakansa, kafin ta gyara goyo an gano allurarsa. Firigo bai taɓa rasa wuta ba. Na fara barin kaina ina tunanin unguwar da za mu zauna a Yamai. Da bazara ta kankama sai ga wayarsa wata Laraba, muryarsa ba dariya.

"Mushe Laminu, ƴar taka ta kamu da ciwon azahar."

Abin da yake nufi shi ne, da rana ta take sai ta fara nauyi, a danna suna a jira, a jira. Can sai ta mutu gaba ɗaya, ba ta sake yarda ta tashi sai la'asar sakaliya. A lokacin kuwa mata sun cika rumfa, wasu sun yi tafiyar safiya guda a kan jaki. Sai ya koma wa tsohon littafi. Na san ma'anar wannan. An gina ƙwaƙwalwar ne yadda in zafi ya yi mata yawa za ta rage gudu da kanta, in ya ƙaru ta kashe kanta don kada ta ƙone. Amma takardunta sun ce tana jure zafin da ya fi na ɗakin nan, kuma a kan wannan na tsaya gaban mutane na ce oui.

Sau huɗu na je. Kowane zuwa sai na bugo wa majo tun ana gobe, don a tarbiyyar da aka yi mini ba a faɗa wa mutane wurin aikinsu haka kawai. Kowane zuwa ina tarar da ita a kan kantarta tana ƙyalli, ba ƙwayar ƙasa ko ɗaya, jikinta da ɗumi kaɗan kamar na mai lafiya. In na duba abin da ta rubuta wa kanta na kwanakin baya, ga shi nan, zafi ya hau ya hau har ta mutu. In na zauna gabanta na wuni, ina zufa, ina shan furar da Inna Baraka ta dama mini, sai ta yi aikinta har magariba ba ko tari. Na auna batir, na canja waya, na bi inda rana ke faɗowa ta taga, na sa aka ɗaura zana a kan kwanon rufin. Na tambayi Inna, da ladabi, ko wani yana taɓa ta.

"Wa zai taɓa ta, ɗana? Ni kaina sai na wanke hannu nike zuwa kusa da ita."

Gaskiya ta faɗa, daidai da tambayar da na yi. Ina komawa Tasawa, bayan kwana ɗaya ko biyu, majo zai bugo: ta sake.

Saura mako uku gwajin ya ƙare, na koma gida Mayahi da takarda a jakata wadda na rubuta cewa na yi kuskuren zaɓi, ƙaramar na'ura ba ta dace da zafin ƙasarmu ba. Ban miƙa ba tukuna. Ranar Asabar da hantsi muna zaune a inuwar bishiyar bedi, Hadiza tana tsince shinkafa, kakarku Iya tana kan tabarmarta da carbi. An ajiye mini koko tun safe ban taɓa ba. Hadiza ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, wai in za ka tahi can, kana gaya masu?"

"Dole mana. Ana gobe nake bugawa."

"Kullum?"

"Kullum. Ai rashin ladabi ne mutum ya faɗo wa mutane."

"To ranar da ka ce mani ƴan biro ɗinku za su zo cin abinci, ka taɓa ganin gidan nan yadda yake ran Talata?"

Na ce wannan dabam, na'ura ba ta san baƙo zai zo ba.

"Ita ba ta sani ba. Mutanen ɗakin sun sani."

Iya ba ta ɗaga kai daga carbinta ba ta ce, "Ni in za ni gidan ƙanwarka ba ni aike. Shi ya sa na san halin mijinta, ku ba ku sani ba."

Na yi musu gardama. Na ce wannan zargi ne, kamar ina cewa Majo Haru yana ɓoye mini wani abu, alhali mutumin kirki ne. Hadiza ta ce ita ba ta ce kowa yana ɓoye komi ba, ta ce dai in je. Ta tura mini kokon ta ce in sha ko da ya huce.

Ranar Litinin na tafi ba tare da motar aiki ba. A Gidan Amumune na tsaya na fito da waya har sau biyu zan buga, ina jin kamar ɓarawo. Na mayar da ita aljihu, na hau kabu-kabu, muka yi ta tuƙa rairayi, wani wuri mu sauka mu tura. Mun isa bayan azahar. Rumfa cike da mata, Majo Haru yana bakin ƙofa da tsohon littafi a cinya, alamar ta riga ta mutu. Ya miƙe da mamaki, na gaishe shi a gurguje na shige ɗaki. Na dubi kanta ban ga na'ura ba. Abin da na gani wata ƴar riga ce saƙar hannu, da zaren ulu kore da rawaya, an yi mata tuntu a kusurwa huɗu. Na sa hannu na ɗaga. A ciki an yi mata shafi da atamfa ninki biyu, an bar ƴar ƙofa ta baya daidai wayoyi, an daje bakinta da ɗinki mai kyau. Irin abin nan ne da mata ke rufe kwanon tuwon maigida da shi don kada ya huce. Ƙarfen da ke ƙarƙashi kuwa ban iya barin tafina a kansa ba.

Ina tsaye da rigar a hannu Inna Baraka ta shigo tana goge hannu da zane. Da ta gan ni sai kunya ta kama ta.

"Haba Mushe, ba ka aiko ba. Ga ta duk ta yi dauɗa. Da na sani da na cire na wanke, kamar kullum."

"Kamar kullum, Inna?"

"In majo ya ce kana tahe, da asuba nike cire ta in wanke in shanya bayan ɗaki. In goge maka abarka ka gan ta da idonka, ka san ƙasa ba ta hau ba. In ka tahi in mayar."

Sati biyu ta yi tana saƙa ta, in ji ta, tsakanin haihuwa da haihuwa. Ta gama daidai shigowar zafi. Majo Haru ya dafa ƙofa ya daɗe yana kallon rigar.

"Wallahi Mushe, kullum ina kallon ta, ban taɓa ganin ta ba. Telebijin ɗina a gida haka take da riga. Rediyon babana ma haka."

Nawa ma haka suke, kun sani, har yau. A ƙasarmu abin da aka daraja rufe shi ake yi. Na kama hannun Inna na ɗora a kan ƙarfen, ta janye da sauri. Na nuna mata tsage-tsagen na ce ta nan take zufa, in an rufe su kamar an lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ne a tsakar rana. Ta zauna a kan benci, ta ninke rigar biyu, ta sake ninkewa.

"Ashe ni ke sa mata ciwon."

Na ce ba ita ba ce. Ta tashi ta koma wurin matan da ke jiran ta. Bayan rabin awa na'urar ta huce, na danna ta tashi, ta yi aiki har yamma. Da zan tafi majo ya raka ni bakin hanya, ya rage murya ya tuna mini da wata doka ta proje wadda ni ma na sani: duk wanda ba ma'aikaci ba ne a takarda, in aka samu ya taɓa kayan aiki har suka samu matsala, ba ya sake shiga ginin.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Mushe. Na dai gaya maka. In ta bar nan, rabin matan rugage sun bar zuwa."

Kwana goma sha biyu suka biyo baya, mafi zafi a shekarar, na'urar ba ta sake mutuwa ba ko sau ɗaya. Na yaga takardar da ke jakata. Saura rahoto. A shafinsa na ƙarshe akwai tambaya a kan dalilin duk wata matsala da aka samu, da gida uku, mutum ya sa alama a ɗaya: laifin na'ura, laifin mutanen wurin, ko laifin wanda ya girka ta. Na kai wa Mushe Idi labarin duka. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya nuna gida na biyu da alƙalami.

"C'est clair. Ga shi nan. Na'urarka lafiya, kai ma lafiya."

"Ranka ya daɗe, akwai dokar nan."

"Na sani. Abin tausayi ne. Amma ita ta rufe ta ko kai?"

"Ita ce. Sai dai..."

"Laminu, mutanen Yamai ba su karanta 'sai dai'. Gidan da ka sa wa alama suke dubawa."

Ba mugu ba ne, kada ku riƙe shi da haka. Yana son ya ga na ci gaba, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, ita ta rufe ta. Ina so in ce muku nan take na ƙi, amma ba haka aka yi ba. Na koma teburina na sa alama a gida na biyu da fensir. Kwana uku tana nan. Ina gaya wa kaina wataƙila ba za a bi dokar ba, wataƙila majo zai san yadda zai yi, wataƙila in na isa Yamai ni da kaina zan gyara. A rana ta uku na ɗauko ƙaramin littafin da nake rubuta duk abin da na yi a wurin aiki, don in cike kwanakin tafiye-tafiye. Na buɗe ranar girkawa. Da rubutun hannuna an sa: an gargaɗi ma'aikata a kan ƙasa, sau uku. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya shafi, ba inda na ambaci iska. Inna Baraka ta tambaye ni abin da na'ura ba ta so, na ba ta amsar wata na'urar dabam, ita kuma ta yi abin da na ce iyakar ƙoƙarinta. Ba na kiran abin da na yi bayan nan jarumta. Ni dai ba zan iya sa hannu a takardar da littafina ya ƙaryata ba, da na yi da ban sake samun natsuwa ba, na san kaina. Na goge fensir, na sa alama da alƙalami a gida na uku, na rubuta a ƙasa cewa mai girkawa ya ba da umarnin da bai cika ba. Ban sa kalmar wataƙila ba a wannan layin.

Mushe Idi ya karanta ya ajiye.

"Ka san ka rubuta ƙarar kanka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Yau kuma babu 'ina ganin'?"

Ya sa hannu ya aika yadda yake. Bayan wata biyu amsa ta zo. An karɓi ƙaramar na'ura, za a baza ta. Matsayin Yamai kuwa an ba wani abokin aikinmu daga wata jiha. Ko rahoton ne ya hana ni, ban sani ba tabbas. Mai yiyuwa ne da ma shi za a ba, ya fi ni iya magana a taro, kuma ya riƙe aikin da kyau. Mushe Idi dai ya ce an tsaya a kan shafin ƙarshe, ni kuma ban bincika ba. Abin da ya sauka a kanku shi ne kun yi karatunku a Mayahi da Tasawa da Maraɗi maimakon Yamai. Na daɗe ina auna wannan, kuma in akwai wanda a cikinku yake ganin ya rasa wani abu, yana da gaskiyarsa, ba zan ce masa a'a ba.

Ni aka ba girka na'urorin a yankinmu. Na yi shekaru ina zagaye, Baudeta, Gidan Amumune, ƙauyukan Isawan, har na san wace rijiya ce ruwanta ke da daɗi a kowace hanya. Duk inda na je, kafin in buɗe kwali sai na tara kowa, har mai shara da mai gadi, in yi bayani da Hausa, in sa kowa ya taɓa ƙarfen da hannunsa. Inna Baraka ta ci gaba da aikinta har idonta ya raunana, ita ta karɓi haihuwar yaran da yanzu suke kawo nasu ƴaƴan allura. Ba ta taɓa sanin akwai wani shafi mai gida uku ba, na kuma roƙi majo kada ya gaya mata. Na ga girmanku a gabana, na yi jinyar Iya da hannuna har Allah Ya karɓe ta. Ban ce wannan ya fi Yamai ba, don ban ga Yamai ɗin ba balle in gwada. Na dai ce ban zauna da baƙin ciki ba, kuma abinci yana yi mini daɗi.

Ranar da amsar ta zo, abin da ya fi tsorata ni shi ne gaya wa mahaifiyarku. Na iso Mayahi da la'asar, na tsaya a ƙofar gida ina shirya kalmomi. Na same ta tana kwashe shanya. Na fara da cewa akwai wata magana, wadda ba lallai a ce mummuna ce ba, ko da yake ta wani ɓangaren. Ta saɓa zane a kafaɗa ta tsaya tana kallona.

"Ba mu tahiya."

"Ba mu tafiya."

"Saboda tsohuwar nan mai saƙa?"

"Saboda ni. Ni ban gaya mata daidai ba."

Ta ci gaba da cire kaya daga igiya har ta kai ƙarshe. Na ga ta goge ido da gefen mayafi sau ɗaya. Sannan ta kwance igiyar shanyar gaba ɗaya, ta naɗe ta, ta miƙo mini. Na tambaye ta ta mece ce. A nan na ji abin da ban sani ba: tun wata uku da suka wuce ta kai awakinta huɗu gidan yayarta a bayan kasuwa, ta ce ta bar mata, tun da ba a shiga Yamai da awaki. Ni da nake kwana gidan duk ƙarshen mako ban lura babu su ba.

"Tahi ka karɓo mani su tun ba su saba da can ba. Kuma kada ka tsaya yi mata dogon bayani, ka ce na fasa."

Na karɓi igiya na fita. Sai da na yi bayanin, amma na dawo da su huɗu kafin magariba.